Ku Hau Keke, Amma Ku Hau A Tare

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lissafin fita da dawowa ya sauya a kowane gida na ƙasar Daura. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Mutumin Baure ma ya riga sauran 'yan ƙasa ɗanɗana wannan ɗaci, domin tun a watan Nuwamba na 2019 hukumar kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke ƙasa da kilomita 20 daga iyaka, sai garuruwan bakin boda irin su Babban Mutum suka koma hannun 'yan bumburutu, kwalba da galan, farashi yadda mai kaya ya ga dama. A cikin wannan matsi ne aka fara zaro tsofaffin kekuna daga zaure da bayan rumbu, aka kakkaɓe musu ƙura, aka kai su wurin mai faci. To, ƙannena matasan Baure, maza da mata, a kan keken nan nake so mu yi magana, kuma zan faɗi ra'ayina tun daga farko don mai musu ya san inda zai kama ni. Keken da wahala ta dawo da shi, ranar da aka ɗan samu sauƙi za a sake jingine shi, sai fa in an gyara abubuwa biyu da suka kore shi tun asali: rainin da ake yi wa mai hawansa, da hanyar da ba a bar masa wuri a kanta ba. Waɗannan biyun kuwa babu wanda mutum ɗaya zai iya gyarawa, komai ƙarfin ƙafarsa. Sai an taru.

Ya kamata ku san cewa rainin nan baƙo ne, bai daɗe da sauka ba. A zamanin En'e da shekarun farko bayan samun mulkin kai, keke abin hawan masu albashi ne: malamin makaranta, malamin gona, malamin asibiti, duba-gari, da ɗan kasuwar da ya fara tasawa. Akan yi masa ado da madubi da geza, a goge shi da tsumma kowace safiya, kuma saurayin da ya je zance a kan sabon Raleigh ba ya bukatar dogon bayani a gidan surukai. Kasuwarsa ta yi ƙarfi har kamfanin Raleigh na Ingila ya kafa masana'antar haɗa kekuna a Kano, daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da araha ya cika ƙauyuka. Yara kuma a wurin masu hayar keke suka koyi tuƙi, da faɗuwa da ƙujewar gwiwa. Sai kuɗin mai ya zo. Ƙarin albashin Udoji na 1974, a mulkin Janar Gowon, ya ɗora ma'aikata a kan babur da mota kusan dare ɗaya. Bayan shekaru, baburan Jincheng masu araha suka kwararo, Bajaj ya biyo baya, acaɓa ta zama sana'a, 'yan siyasa suka mai da rabon babura hanyar sallamar yaransu. A duk tsawon wannan lokaci babu ranar da keke ya kasa kai manomi gona ko ɗalibi makaranta. Abin da ya sauya shi ne irin mutumin da ake gani a kansa. Da manya suka sauka, sai ya zama shaidar wanda bai samu ba, kuma kun taso kun tarar da wannan hukunci kun ɗauka haka abin yake tun fil azal.

Ku ajiye hukuncin a gefe, ku dubi ƙasarku. Ƙaramar hukumar Baure tana da faɗin murabba'in kilomita wajen 700, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutane kusan dubu 200, yawancinsu a ƙauyuka da ruga-ruga da ke warwatse. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba tsauni ba kwari mai zurfi. Tafiyar da mutum yake yi kullum kuma gajera ce: gona, makaranta, kasuwa, asibitin sha-ka-tafi, rijiyar burtsatse, gaisuwar mutuwa ko suna a ƙauyen da ke maƙwabtaka. Mai tafiya a ƙasa yakan ci kilomita 5 a sa'a in ya ɗaga ƙafa. Mai keke, ba tare da haki ba, yakan ci 12 zuwa 15 a kan hanya mai kyau. Ashe ƙauyen da ke da nisan kilomita 6 daga makarantar sakandare, wanda yaro zai shafe fiye da sa'a yana takawa, da keke bai cika rabin sa'a ba. Ta fuskar kuɗi kuma, a ce babur yana shan lita ɗaya kacal a rana, a farashin naira 1,000, ka ga dubu 30 ke nan a wata, ban da baƙin mai da gyara, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira dubu 70 ne, kuma yawancinku ko wannan ɗin ba ku ɗauka. Kuɗin da ke ƙonewa a tankin babur, shi ne na taki da iri, shi ne na jarrabawa, shi ne ɗan jarin da ake ta cewa babu.

Inda wannan lissafi ya fi nauyi shi ne makaranta. Kowa ya san inda yaran ƙauye suke zubewa: firamare tana kusa, sakandare tana nesa, sai a yi zango ɗaya ko biyu ana latti ana shan bulala, daga nan a daina zuwa. An gwada maganin wannan a wuraren da talaucinsu bai gaza namu ba. A 2006 gwamnatin jihar Bihar ta ƙasar Indiya ta fara bai wa kowace yarinya da ta shiga aji tara kuɗin sayen keke. Masana tattalin arziki biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, suka bi diddigin shirin, suka gano cewa yawan 'yan matan da ke sakandare a shekarun da suka dace ya ƙaru da kashi 32 cikin ɗari, tazarar da ke tsakaninsu da maza kuma ta ragu da kashi 40 cikin ɗari. Amfanin ya fi fitowa a ƙauyukan da makaranta ba ta yi kusa ainun ba, ba ta kuma yi nisan da ya wuce hankali ba, wato daidai irin ƙauyukanmu. A Zambiya ma an raba wa 'yan mata kekuna a makarantun karkara, fashin makaranta ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ba a gina sabon aji ba, ba a ƙaro malami ba. Hanyar kawai aka rage.

Na san a nan wani zai ɗaga hannu ya ce Bihar daban, Baure daban, mu ba mu saba ganin budurwa a kan keke ba. Wannan magana ce ta iyaye, kuma ba a ture ta da gatse. Amma a auna abin da ake tsoro da abin da yake faruwa yanzu. Yarinyar da ke taka kilomita 5 a ƙasa, ta cikin gonaki lokacin da gero ya rufe mutum, ita kaɗai ko su biyu, ta fi zama cikin haɗari a kan wadda za ta yi tafiyar cikin minti ashirin da 'yan kai tare da ƙawayenta goma da yayyensu maza. Wadda ake biya wa kuɗin acaɓa kuma, a bayan namijin da ba muharraminta ba take zama. Akwai keken mata mai saukakken ƙarfe a tsakiya wanda ake hawa da doguwar riga da hijabi ba tare da an tattare komai ba, da murfin kaca don kada zane ya shiga. Mutanen Bihar ma masu tsare 'ya'ya mata ne ƙwarai, abin da ya sauƙaƙa musu shi ne an ba duk 'yan matan ajin a lokaci guda, babu wadda za a nuna da yatsa a ce ita ce ta fara. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, mata Musulmi suna kai kaya kasuwa a kan keke kullum, babu mai waiwayensu. Hukuncin ƙarshe na uba da uwa ne, da shawarar malamai, amma ku matasa maza kuna da rabo a ciki, domin bakinku ne ake gudu. In kuka daina ihu da shewa, rabin matsalar ta kau.

Sai maganar ƙasa da rana, wadda gaskiya ce tsagwaronta. Arewacin ƙasar Daura yashi ne, kuma inda rairayi ya yi zurfi taya takan nutse, mai keke ya koma turawa yana zufa, jaki da amalanke su wuce shi. Ga tsidau da ƙayar aduwa da ke fasa taya, ga zafin bazara a watan Afrilu da Mayu da ke haura maki 40. Ban ce keke zai shiga ko'ina a kowane lokaci ba. Amma akwai kwalta, akwai burji, akwai turbar da ƙafa ta daddaɓe, kuma da ruwan farko ya sauka yashi yakan kwanta. Taya mai faɗi, da rage mata iska kaɗan a cikin rairayi, suna rage wahala. Faci abu ne da yaro ɗan shekara goma sha biyu zai koya da yamma ɗaya, kayan aikinsa kuma ba su cika aljihu ba. Rana kuwa, tun kakanni an san lokacin fita: da sanyin safiya da bayan la'asar.

Babbar hujjar masu ƙin keke, wadda ta fi sauran duka, ita ce tsoron mutuwa a kan titi. Titin da ya taso daga Daura ya bi ta Zango ya iso Baure, kamar sauran titunanmu, an yi shi ne da tunanin mota. Ranar kasuwa motocin haya da manyan motocin dabbobi da na hatsi sukan cika shi, kuma direba yana ganin mai keke abin da ya kamata ya sauka gefe ne da zarar ya ji ham. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya tashi haiƙan yana kiran 'yan Nijeriya su rungumi keke, har yana hawa zuwa wurin aiki a Abuja. Wata rana bas ta banke shi ya faɗa kwata, jaridu suka samu abin dariya, maganar ta mutu. Mutane suka ce ga shi nan, keke ba na nan ba ne. Ni abin da na fahimta daga labarin daban ne: mutum ɗaya a kan keke, ko minista ne, ba ya sauya halin direba, ba ya kuma sauya titi.

Ku kwatanta da ƙasar Holan, wadda yau kekunanta sun fi mutanenta yawa. Wasu suna zaton haka Allah ya halicce su, alhali su ma sun bi hanyarmu. Bayan yaƙin duniya na biyu arziki ya zo musu, suka sauka daga keke suka shiga mota, aka rushe unguwanni don faɗaɗa tituna. A 1971 mutane fiye da 3,000 suka mutu a kan hanyoyinsu, fiye da 400 daga ciki yara. Iyaye suka tashi da zanga-zangar neman a daina kashe musu 'ya'ya, suna tare tituna, suna fitowa da kekuna ɗaruruwa. Sai ga rikicin man fetur na 1973, gwamnati ta hana fita da mota ranakun Lahadi na wani lokaci, mutane suka ga yadda garinsu yake in babu hayaƙi da gudu. Tsadar mai ta ba su dalili, amma ƙungiyoyin da suka riga suka haɗu ne suka mai da dalilin ya zama hanyoyin keke na musamman da dokokin rage gudu. Mu ma tsadar mai ta ba mu dalilin. Ƙungiyar ce babu.

Wannan ne ya sa birane da yawa suka ƙirƙiro hawan keke na jama'a. A Bogota ta ƙasar Kolombiya, tun 1974 aka fara rufe wasu tituna ga motoci, yanzu kowace Lahadi fiye da kilomita 120 na titin birnin na masu keke ne da masu tafiya a ƙasa, daga safe zuwa azahar. A San Faransisko da ke gaɓar tekun Amurka, a 1992 wasu 'yan tsiraru suka fara haɗuwa Juma'ar ƙarshen kowane wata su zaga gari tare, al'adar ta bazu zuwa ɗaruruwan birane. Legas, da duk cunkosonta, tana da ƙungiyoyin masu keke da ke fita da asubar ranakun hutu. A 2018 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni ta zama ranar keke ta duniya. Wanda ya kalli irin wannan taro daga nesa zai ce wasa ne na waɗanda suka ƙoshi. Amma aiki uku yake yi. Direban da ba ya ganin keke ɗaya dole ya ga hamsin, ya taka birki, kuma in abin ya maimaitu idonsa yakan saba neman mai keke a gefen titi. Mai jin kunyar hawa shi kaɗai ba ya jin ta a cikin abokansa. Shugaban ƙaramar hukuma kuma, wanda ba zai karanta takardar mutum ɗaya ba, ya iya ƙidaya kawuna, domin ya san kowane kai ƙuri'a ne.

Ba sai kun kwaikwayi matsattsun kayan Turawa ko kekunan tsere na miliyoyi ba. Ƙasar da ta san yadda ake jera dawaki a hawan Sallah da na Gani, kowane hakimi da tawagarsa, kowa ya san gurbinsa, ba za a koya mata tsara ayari ba. Ku ɗauke shi kamar kilisa: rana ɗaya a wata, da safe, daga wuri sananne zuwa wuri sananne, a dawo. A fara da sallama ga hakimi da dagatai, a sanar da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, domin a yanayin tsaron da ake ciki gungun samari a kan hanya ba tare da sanarwa ba yana iya jawo abin da ba a so. A gayyaci shugaban makaranta, da limami, da ma'aikacin asibiti, da ɗan kasuwar da kowa ya san yana da mota a gida, saboda ganin wanda yake da zaɓi a kan keke shi ne yake karya raini. A hana ganganci: ba sakin hannu, ba ɗaga tayar gaba, ba goyon mutum biyu, ba tare hanya don burga. Kada kuma a bari wani ɗan takara ya rataya wa taron hotonsa, don ranar da ya faɗi zaɓe taron zai faɗi tare da shi. Bayan hawa na uku ko na huɗu, sai a je da bukatu ƙanana waɗanda ƙaramar hukuma da ma'aikatar ayyuka ta jiha za su iya: a gyara gefen titi inda ya zaizaye, a sa tudun rage gudu a gaban makarantu da kasuwanni, a yi rumfar ajiye kekuna mai mai gadi a kasuwa da sakandare da asibiti, tunda tsoron ɓarawo ma yana hana mutane fitowa da keke. Abin da ya rage naku ne: birki mai ci, fitila da abin ƙyalli don dare, da adashi a tsakaninku, kowane wata mutum ɗaya ya ɗauka ya sayi nasa.

Akwai masu cewa duk wannan sulhu ne da talauci. Suna cewa a ƙasar da ke haƙo mai, a ce wa matashi ya koma keke, ai an wanke gwamnati ke nan, duniya tana maganar jirgin ƙasa mu muna maganar feda. Fushinsu yana da tushe, kuma hawan keke bai hana kowa neman haƙƙinsa ba. Hasali ma wanda ya koyi tara mutum hamsin ya kai takarda sakatariya a kan gefen titi, ya koyi yadda zai kai ta a kan taki da asibiti. Maganar jirgin kuwa ta zo daidai. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ko an gama shi gobe, jirgi ba zai tsaya a ƙofar gidan kowa a Baure ba, sai mutum ya kai kansa tasha ko inda zai samu mota. A Holan, babban kaso na masu shiga jirgin ƙasa da keke suke isa tasha. Ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019. Abin kunya ne a ce masarautar da ke da jami'ar sufuri ba ta san yara nawa ne ke taka fiye da kilomita 5 zuwa makaranta a Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa ba. Ɗaliban da ke neman abin bincike, ga shi nan a ƙofar gida, kuma alƙaluman da za su tattara su ne makamin da ƙungiyarku za ta shiga ofis da shi.

Akwai wata fa'ida da mutumin bakin iyaka ya fi kowa sani. Babur yana rataye ne a wuyan abubuwan da ba ku da iko a kansu. An rufe boda a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023. A Janairun 2013 Kano ta hana acaɓa, dubban samari suka wayi gari ba sana'a. A 2021 gwamnatin Katsina, saboda matsalar tsaro, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare ta kuma hana sayar da fetur a jarka. Ko mutum ya yarda da waɗannan matakai ko bai yarda ba, kowannensu sanarwa ɗaya ce daga wani ofis mai nisa, kuma kowanne ya tsayar da wani a hanya. Mai keke bai jira tanka ta iso ba.

Kada 'yan acaɓa su ɗauka da su ake. Mai naƙuda da tsakar dare, maras lafiya, tsoho, buhunan riɗi da gero masu nauyi, tafiyar Daura da gaggawa, duk na babur ne da mota, kuma haka za su ci gaba da zama. Abin da nake ja a kai shi ne a tayar da inji don tafiyar da ba ta wuce zagayen gari ba. Sana'a kuma ba raguwa za ta yi ba. In kekuna suka yawaita, ana bukatar mai faci da mai ɗaurin waya a kowane ƙauye, da mai sayar da taya da kaca da birki a kowace kasuwa, da maƙerin da zai ƙera kariya mai ɗaukar jarkokin ruwa ko buhun taki, da mai walda da zai haɗa 'yar amalanken da keke zai ja. Gaskiya ne keken ma ya yi tsada tun da naira ta faɗi, don daga waje ake shigo da shi da kayansa. Duk da haka, sabon keke ko na hannu mai kyau ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin babur, kuma da ka biya ka gama, ba ya sake tambayarka komai kullum safiya.

Saura abin da ba a faɗa a fili, wanda shi ne yake hana da yawanku: me za a ce? Saurayi yana ganin in ya je zance a kan keke an gama da shi, sai ya ari babur, ko ya karɓi na biyan kaɗan-kaɗan ya shiga bashin da zai cinye masa amfanin gonar shekara. 'Yan mata, a nan kuna da magana, don da yawa daga cikin baburan nan saboda idonku aka saye su. Mai keke da buhu goma a rumbu da mai babur ɗin bashi, ku tambayi iyayenku mata wanne ne yake cika tukunya. Ga lafiya kuma, wadda matashi ba ya lissafawa sai ta gudu. Hawan jini da ciwon suga sun daina zama ciwon 'yan birni, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, abin da mai zuwa makaranta ko shago da keke yake cikawa ba tare da ya ware masa lokaci ba. Masu son gasa ma akwai fili. Burkina Faso tana gudanar da tseren Tour du Faso tun 1987, kuma a Faris a 2024 Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Nijeriya a tseren keke na Olamfik, har sai da tawagar Jamus ta ara mata keke a wasu daga cikin wasannin. Tsere tsakanin makarantun sakandare na ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura bai fi ƙarfin a shirya shi ba, in an samu izinin rufe 'yan kilomitoci na titi na sa'a biyu. Game da lokacin farawa, 3 ga Yuni takan faɗo a bakin damina, hankalin kowa yana kan shuka, zafi kuma bai gama sauka ba. In ta ci karo da aikin gona, a ɗaga hawan farko zuwa bayan kaka, lokacin da sanyi ya fara shigowa, makarantu suna buɗe, manomi kuma ya sayar da wake da gyaɗa yana da kuɗin sabuwar taya.